Babi na Bakwai: Idan Ciki Ya Ɓaci

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke kaiwa maƙura, aka yi sunan ɗan ƙanwata. Tun kafin asuba mata suka ɗora tukwane. Hantsi bai gama dubi ludayi ba an sauke soyayyiyar shinkafa, an cika manyan kuloli, an jera su a ɗaki ana jiran baƙi. 'Yan suna kuwa, kowa ya sani, ba sa cika gida sai bayan la'asar, wasu ma sai gab da magariba. Ga shi rabon unguwar da wuta tun daren jiya. Abin da ya rage a kular ƙarshe shi aka ƙulla mana a leda muka taho da shi, muka ci bayan isha'i. Ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba, ɗanɗanonta lafiya lau.

Sha biyun dare ba ta yi ba ɗana mai shekara tara ya fara kelaya amai. Sai uwarsa, sai ni. Gari na wayewa waya ta fara ƙara, ashe gida biyar cikin dangi haka suka kwana. Kafin azahar magana ta canja salo. Gwaggo ta iso da kwalbar manja a hannu, tana cewa, "Wannan ba banza ba, an zuba wani abu. Wa ya shiga ɗakin da kulolin suke?" Har an fara lissafa sunaye, har an fara tuno wadda ba ta yi fara'a ba a wajen sunan.

Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ita ta katse zancen. Ta shigo ta dubi yaron, ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, ta leƙa bakinsa, sannan ta juyo wajen uwarsa ta ce, "Yaushe rabonsa da fitsari?" Babu wanda ya san amsa. Duk mun ƙirga sau nawa ya yi amai, sau nawa ya zaga, amma ba wanda ya lura da abin da ya daina fita. Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ajiye manjan nan tukuna, a kawo mini ruwan leda biyu da sukari da gishiri."

Na daɗe ina tunanin cewa kalmar guba ita ke fara ɓatar da mu. Da an ce gubar abinci, sai hankali ya tafi ga hannun mutum: kishiya, maƙiyi, mai hassada. Zumunci da yawa ya lalace a kan tukunyar da laifinta kawai ta daɗe a ajiye cikin zafi. Shinkafar da ta kwantar da mu tana da bayaninta a littattafan likitanci. Akwai wata bakteriya da ake kira Basilus, wadda ke zaune cikin ƙasa, take kuma biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona. Idan ta ji wuta sai ta ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri kamar iri, tafasa ba ta kashe ta. Da shinkafa ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta hau hayayyafa, tana zubar da wani dafi a cikin abincin. Dafin nan ko an sake ɗumama shinkafar yana nan daram. Shi ya sa amanta ke zuwa da wuri, tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan an ci.

Kula kuwa, wadda muke ganin ta rufa mana asiri, tana yin aikinta ne na 'yan awoyin farko. Ƙwayoyin cuta sun fi jin daɗin abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma abincin da ya wuni a kula a nan yake ƙarewa. Idan yanayi ya yi musu daidai, wasunsu na ninka yawansu duk minti 20. A yi lissafi: ƙwaya ɗaya tak, cikin awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa ɗaya ce. A ƙasar Hausa, daga Maris zuwa Mayu, kusan kullum a cikin awa ɗayar nan muke. Iyayenmu da ke tafasa miya kafin su kwanta, su rufe, su hana kowa tsoma ludayi har safe, sannan su sake tafasa ta da ɗumame, sun fi mu gaskiya, mu da muka dogara da firjin da wutarsa ke zuwa tana tafiya.

Wani kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗora laifi a kan abin da aka ci na ƙarshe. Wani lokaci hakan ne, kamar shinkafarmu, ko abincin da aka cakuɗa da hannu irin su kwaɗo da dambu da salak, inda ƙwayar Stafilokokus da ke zama a hanci da miki ke sauka daga hannun mai haɗawa. Amma Salmonela, ta ƙwai da kazar da ba ta dahu ba, tana iya ɗaukar daga awa shida har kwana shida kafin ta nuna kanta. Ta naman kaji da ake kira Kamfilobakta takan yi kwana biyu zuwa biyar. Mai shayin da ka zaga da safe ƙila ba ruwansa, tsiren shekaranjiya ne.

Ko wace ce daga cikinsu, a mafi yawan lokuta jiki da kansa yake korar ta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amai da gudawar da muke gaggawar tsayarwa su ne tsintsiyar da yake sharar da ita. Matsalar ita ce sharar tana tafiya da ruwa da gishirin jiki, kuma wannan asarar ita ke kai mutum kushewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki ɗaukar nauyin. Saboda haka aikin mai jinya a gida guda ɗaya ne babba: duk abin da ya fita, a mayar da madadinsa ta baki.

Abin da maƙwabciyar tamu ta haɗa a gabanmu shi ne wannan. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce ko ruwan leda biyu, tunda yawancin leda rabin lita ce, amma a duba jikinta. Sukari cokalin shayi shida, gishiri rabin cokalin shayi, kowanne a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A juya har su narke, a ɗanɗana. Idan gishirinsa ya fi na hawaye, an zarce, a zubar a sake. Nan ne ake yin ganganci, domin wasu na ganin ƙara gishiri ƙara ƙarfin magani ne, alhali gishirin da ya yi yawa na iya sa ƙaramin yaro jijjiga. Shi ya sa fakitin ORS na kemis ya fi na haɗin gida, an auna komai, kuma akwai sinadarin fotashiyam da haɗin gida ba shi da shi. Sai dai a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin fakitin, kada a raba gari biyu da ido, kada a zuba shi a shayi ko lemo. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Mutane na raina wannan ruwa saboda arharsa, ni ma na raina shi har sai da na san tarihinsa. Hanjin ɗan Adam yana da wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare, idan suka shiga sai su ja ruwa ya bi su cikin jini, kuma ƙofar nan tana ci gaba da aiki ko ana tsakiyar gudawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, miliyoyin mutane suka tsere zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, yana aiki a sansanin Bangaon, ruwan ƙari na leda ya ƙare masa, ga marasa lafiya kwance a ƙasa. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durom, 'yan'uwan majinyata suna ɗiba da kofi suna ba nasu. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta bayyana wannan ganowa a matsayin wadda ƙila ta fi kowace muhimmanci a fannin magani a ƙarnin. Ina tuna wannan duk sanda na ji wani na cewa shi dai a yi masa ƙarin ruwa, kamar lafiya ba ta shiga sai ta allura. Ƙarin ruwa na wanda ya kasa sha ne, ko wanda ruwan jikinsa ya riga ya yi ƙasa sosai, kuma aikin asibiti ne. Wanda ake rataya wa leda a ƙusa a bayan shagon magani, ba a san nauyinsa ba, ba a san halin zuciyarsa da ƙodarsa ba, caca ake yi da ransa.

Yadda ake shan ma ilimi ne. Mai ƙishirwa zai so ya kafa kai ya shanye kofi, cikin da ke a fusace kuma ya dawo da shi nan take, sai a ce ai ba ya zama. Kurɓi-kurɓi ake yi. Yaro ƙarami cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, babba kurɓa ɗaya ya dakata. Idan ya yi amai a jira minti goma, a ci gaba a hankali fiye da da. Ko ana aman, wani abu na zama. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, ɗan shekara biyu zuwa goma rabin kofi zuwa kofi guda, babba kuwa ya sha iya abin da ransa ke so. Aiki ne mai gundura, na zama a gefen tabarma da cokali a hannu har dare ya raba, amma sannu ba ta hana zuwa. Uwar ɗana ta yi ta ba shi tun azahar, ita ma tana kurɓar nata, sai bayan magariba ya ce zai yi fitsari. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsarin yaro kamar ranar ba.

Fitsarin shi ne ma'aunin da kowa ke da shi a gida. Idan yana zuwa a kai a kai kuma launinsa ya yi haske, ana cin nasara. Idan ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba.

Ga yara akwai ƙari biyu. Na farko, mai shan nono kada a cire shi daga nono, a ƙara masa ma. Zancen cewa nonon uwa ne ya ɓaci, ko ai haƙori ne yake fitarwa zai wuce, ya cinye jarirai da yawa. Haka idan maɗigar jariri ta faɗa, ruwa ne ya ƙare a jikinsa, shafa mata haɗin gargajiya ba zai ɗago ta ba, asibiti za a nufa. Na biyu, tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye. A cika kwanakin ko da yaro ya miƙe a rana ta uku.

Sai batun kemis, inda yawancinmu ke fara zuwa. Da ciki ya murɗa sai a aiki yaro ya sayo Flagyl da kafso ja da yalo, a watsa biyu-biyu. Gudawa ta tsaya washegari, a ce magani ya yi aiki, alhali da ma lokacin tsayawarta ne ya yi. Dafin da ke cikin shinkafa ba rai gare shi ba balle a kashe shi, idan kuma bairos ne ya jawo ciwon, maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Abin da ake samu kawai shi ne ƙarin tashin zuciya, da kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, da koya wa masu cutarwa yadda za su jure maganin ranar da ake buƙatarsa da gaske. Akwai gudawar da ke son irin waɗannan magunguna, kamar atini mai jini da kwalara mai tsanani, amma likita ne zai faɗa. Ƙwayar tsayar da gudawa ta lofaramaid babba na iya sha idan tafiya ta kama shi dole, muddin babu jini babu zazzaɓi, yara kuwa ba a ba su sam. Don ciwon jiki farasitamol ya isa. Ibufurofen da dikulofenak, a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙoda suke bugawa. Lemon kwalba sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, yana iya ƙara tsinka cikin. Manjan Gwaggo ma, Allah Ya ba ta haƙuri, ba ya kashe komai, kuma ɗura shi ga mai amai na iya sa ya shaƙe shi ya tafi huhu.

Duk wannan jinya ta gida tana da iyaka, kuma sanin iyakar ya fi sanin haɗin ruwan. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki mai tsanani da ya tsaya wuri guda, aman da ya hana ko cokali zama, wuni guda babu fitsari, idanu sun zurma, fata an tsunkula ta ƙi komawa, mutum ya fara sambatu ko yaro ya yi laƙwas ya ƙi shan komai, ko kwana uku babu sauƙi: kowanne daga ciki ya isa a nemi abin hawa, a tafi ana ba shi ruwan a hanya. Jariri, tsoho, mai juna biyu, mai ciwon suga ko ƙoda, su ba a jira alamu su taru. Mai sikila ma haka, domin ƙarancin ruwa na tayar masa da ciwonsa. Masu shan maganin suga ko na hawan jini su tuntuɓi likitansu, saboda wasu ƙwayoyin ana dakatar da su a irin wannan hali. Kada kuma a manta cewa zazzaɓin cizon sauro kan zo wa yara da amai da gudawa, gwajinsa kuwa minti kaɗan ne.

Abu biyu ne ba a kwana da su ko da mutum ƙaƙƙarfa ne. Idan gudawa ta zo fara tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, tana zuba babu ƙaƙƙautawa, musamman da damina, a ɗauka kwalara ce. Tana iya ƙarar da babban mutum cikin awoyi. A 2021 Nijeriya ta samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Na biyun shi ne guba ta gaske, ta sinadari. Wake ko hatsin da aka adana da fiya-fiya na iya sa mutum dalalar da yawu, gumi ya karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, jiki ya riƙa karkarwa, numfashi ya yi wuya. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon haɗi, kuma binciken NAFDAC ya nuna wani sinadarin masana'anta ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Irin wannan ba a sa yatsa a maƙogwaro, ba a ba da madara a zauna jira. A ɗauki ragowar abin da aka ci ko aka sha a tafi da shi asibiti tare da majinyacin.

Idan aka tsallake daren farko, saura abinci. An daina cewa a bar ciki ya huta da yunwa. Da amai ya lafa, sha'awa ta ɗan dawo, a fara da kaɗan: koko, kunun gero ko na shinkafa, farar shinkafa sabuwar dahuwa, dafaffen dankali, ayaba, romon kaza da ɗan gishiri ba tare da an cika yaji da mai ba. Kunun tsamiya a ɗan jinkirta shi, tsamiya na sakin ciki. Wasu za su ga madara na kumbura musu ciki na 'yan kwanaki ko makonni, wannan hanji ne bai gama warkewa ba, zai wuce, kuma kindirmo mai tsabta ya fi sauƙin zama. Yaro a ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube. Idan abin ya faɗo cikin azumi, Musulunci ya ba mara lafiya damar ya sha ya rama, kuma mai gudawa a zafin bazara yana cikin waɗanda suka fi buƙatar wannan sauƙi. Kasala kan ɗauki mako, ba abin tsoro ba ne.

A gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya, ake kuma amfani da buta ɗaya, ciwon mutum guda na iya zagaye kowa. Majinyaci a ware masa kofinsa da cokalinsa. Mai jinya ta wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba bayan ta wanke wa yaro, da kafin ta taɓa abinci, domin tsoma hannu a roba ɗaya da kowa ya tsoma ba wanki ba ne. Fo da makewayi a wanke da ruwan bilic. Wadda ta kwanta kuma, ko ta ji garau, kada ta koma madafa sai ta cika kwana biyu da tsayawar gudawa. Na san a gidaje da yawa wannan magana ce mai wuya, domin uwar gida na miƙewa tukunya ke jiranta. Maigida, kwana biyun nan kai ne za ka nemo wanda zai yi girkin, ko ka ɗaura zani ka shiga da kanka.